Makullan gado: abin da bincike ya gano game da ciwon daji, HTLV-1 da birus ɗin Sida

Akwai tambayar da ma'aikatan kiwon lafiya suka saba ji daga bakin masu shan maganin Sida: "Tun da awon jini ya nuna ba a ganin birus ɗin a jikina, don me za a ce in ci gaba da shan magani har ƙarshen rayuwata?" Akwai kuma wata da ba a cika jin ta a Nijar ba, amma ana yin ta a kudancin Japan da tsibiran Karayib da ƙasashen tsakiyar Afirka: ta yaya birus ɗin da jariri ya sha a nonon uwa zai kwanta shiru shekara hamsin ko sittin, sannan ya tashi da ciwon dajin jini? Mai karatu, tambayoyin nan biyu amsarsu ɗaya ce. Tana cikin fannin binciken da ke nazarin yadda jiki ke buɗe umarnin gado da yadda yake rufe shi. Abin da ya kamata ka riƙe tun daga farko shi ne, umarnin da aka rufe yana nan, ba a shafe shi ba.

Littafin gado da makullansa

An gina jikin mutum da ƙwayoyin jiki, ƙanana ƙwarai, waɗanda ba a ganin su sai da madubin likita. Kusan kowace ɗaya daga cikinsu tana ɗauke da cikakken littafin gado, wato zaren da ake kira ADN. Da za a warware zaren da ke cikin ƙwaya guda, tsawonsa zai kai kimanin mita 2. An rubuta shi da haruffa iri huɗu kawai, kimanin haruffa miliyon dubu 3 daga wajen uwa da wasu kamar haka daga wajen uba, an kuma ɗaure shi dami 46 da ake kira kuromozom. A cikin littafin akwai babi kimanin dubu 20 da ke ɗauke da umarnin haɗa furotin, kuma furotin su ne ma'aikatan jiki: wani yana ɗaukar iska a cikin jini, wani yana narkar da abinci, wani yana yaƙar cuta.

To, ƙwayar hanta da ƙwayar ido littafi ɗaya suke riƙe da shi, harafi da harafi. Abin da ya bambanta su shi ne babin da kowace ta buɗe take karantawa. Karatun yana tafiya ne mataki biyu. Da farko wani furotin mai aikin magatakarda yakan kwafe babin a kan wani ɗan gajeren zare mai suna ARN, daga nan sai a bi kwafin a haɗa furotin. A gaban kowane babi akwai ƙofa, akwai kuma furotin na musamman da ke zama a bakin ƙofar, su kira magatakarda ko su hana shi shiga. Su ne muke kira makullai a wannan shafi. François Jacob da Jacques Monod na Cibiyar Pasteur ta birnin Faris su suka fara bayyana wannan tsari a 1961, a jikin wata bakteriya ta hanji wadda ba ta buɗe babin narkar da sukarin madara sai in madarar ta samu. An ba su kyautar Nobel a 1965.

A jikin mutum akwai ƙarin tsaro. Zaren ADN a naɗe yake a jikin wasu furotin masu suna histon, kamar yadda ake naɗe zare a mazari. Inda naɗin ya yi tsauri, magatakarda ba ya samun hanya. Haka kuma ƙwaya takan buga wa ƙofar babi wani ɗan hatimi da ake kira metil, wanda ke nufin a bar babin a rufe. In ƙwaya ta rabu biyu, ƴaƴanta sukan gaji hatimin. Amma hatimi yana ɓamɓaruwa, naɗi kuma yana sassautuwa, ba kamar harafin da ya lalace ba. A kan wannan ɗan bambanci aka ɗora yawancin fatan da za ka ji a gaba.

Ciwon daji: ƙaimi da linzami

Ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara ko kansa, yana farawa ne lokacin da ƙwayar jiki guda ta shiga rabuwa ba tsayawa. Cikin babobin gado akwai masu aikin ƙaimi, su ke sa ƙwaya ta rabu in jiki na bukatar girma ko warkar da miki. Akwai kuma masu aikin linzami, su ke tsayar da ita, ko su umarce ta ta mutu in ta lalace. Dokin da ake ta yi wa ƙaimi alhali linzaminsa ya tsinke, ka san inda zai kai mahayinsa.

Abin mamaki, daga kaza aka fara gane wannan. A 1911 Peyton Rous na Cibiyar Rockefeller da ke birnin Niyok a Amurka ya niƙa ƙarin da ya fito wa wata kaza, ya tace ruwan har babu ƙwayar jiki ko ɗaya a ciki, ya yi wa lafiyayyun kaji allurarsa, sai su ma ƙarin ya fito musu. Wato birus yana iya haddasa ciwon daji. Masanan zamaninsa ba su ɗauki maganar da nauyi ba, sai bayan shekara 55, a 1966, aka ba shi kyautar Nobel. A 1976 Michael Bishop da Harold Varmus da abokan aikinsu a Sanfaransisko suka gano cewa babin da birus ɗin Rous ke haddasa ƙari da shi, mai suna src, asalinsa na kazar ne. Birus ya sato shi ne a wani zamani, ya raba shi da makullinsa na asali. Kowace lafiyayyar kaza tana da shi, kowane mutum ma yana da irinsa. Daga nan fahimtar ciwon daji ta sauya: babobin da ke kawo shi namu ne, ƙaimi ne da ya kuɓuce wa mai shi.

A 1981 aka ga wata hanyar ta daban. Wani birus na kaji da ba ya ɗauke da babin ƙari ko ɗaya yakan sauka kusa da wani babin ƙaimi mai suna myc, sai makullinsa mai ƙarfi ya wangale ƙofar myc ɗin. Wannan babi na myc ya shafi yaran Afirka kai tsaye. A 1958 likita Denis Burkitt ya bayyana wani ƙari da ke kumbura muƙamuƙin yara a Kamfala ta ƙasar Yuganda, wanda daga baya aka ga yana bin yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. A 1982 aka gano cewa a cikin ƙwayoyin wannan ƙari, wani yanki na kuromozom na 8 mai ɗauke da myc ya gutsure ya manne a kuromozom na 14, daf da babin da ƙofarsa ba ta rufuwa a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki. Sauyin maƙwabci kaɗai ya isa ya haukata babi. Birus ɗin da ke da hannu a nan, Epstein-Barr, ba ya cikin dangin da za mu tattauna a ƙasa, amma darasin ɗaya ne. Wannan ƙari yana girma da sauri ƙwarai, yana kuma jin magani in an kai yaro asibiti da wuri.

A ɓangaren linzami, wanda ya fi shahara shi ne p53, da aka gano a 1979. A kusan rabin ciwon dajin ɗan Adam ana tarar da shi a lalace. Daga ƙarshen shekarun 1980 kuma masu bincike suka lura cewa wani lokaci haruffan babin linzami lafiyarsu lau, sai dai an buga wa ƙofarsa hatimin metil, ya yi shiru. Daga wannan aka soma neman magungunan da ke ɓamɓare hatimi ko su sassauta naɗin histon.

Birus mai rubuta kansa cikin littafin mutum

Yawancin birus, irin na mura ko na ƙyanda, sukan shiga ƙwaya su hayayyafa su fice. Dangin da ake kira retrobirus dabararsu daban ce. Umarninsu a kan ARN yake, amma suna tafe da wani furotin da ke juya ARN ya koma ADN, wato karatun baibai. Howard Temin da David Baltimore, kowa a ɗakin bincikensa, suka gano wannan furotin a 1970. Da zarar birus ya juya kansa, sai ya yanka zaren gadon ƙwayar ya ɗinke nasa a ciki. Daga wannan rana ya zama shafi a cikin littafin, ƙwayar ba ta da hanyar fid da shi, kuma duk lokacin da ta rabu sai ta kwafe shi tare da nata. A kowane gefe na shafin akwai makulli mai ƙarfi da masana ke kira LTR.

Wannan hulɗa daɗaɗɗiya ce. Kimanin kashi 8 cikin 100 na littafin gadon ɗan Adam ragowar irin waɗannan birus ne da suka shiga tun zamanin da ba a iya tunawa, yawancinsu an rufe su da hatimi. Har ma jiki ya mayar da ɗaya daga cikin babobinsu abin amfani: furotin ɗin da ke taimakawa wajen gina mabiyiya a cikin mai juna biyu daga nan ya samo asali. Haɗarin kuma ya bayyana a fili a 2002 a Faris, inda likitoci suka yi amfani da retrobirus da aka horar don kai lafiyayyen babi cikin jinin yaran da aka haifa ba su da garkuwar jiki. Yawancin yaran sun samu garkuwa, amma wasunsu sun kamu da ciwon dajin jini, domin birus ɗin ya sauka kusa da wani babin ƙaimi ya buɗe shi. Tun daga nan aka sake fasalin makullan birus ɗin da ake irin wannan aiki da su.

HTLV-1: mai magana da murya biyu

A 1977 likita Kiyoshi Takatsuki ya bayyana wani irin ciwon dajin jini na manya a Japan, ya kuma lura cewa yawancin majinyatan haifaffun kudu maso yammacin ƙasar ne, musamman tsibirin Kyushu. A 1980 ɗakin binciken Robert Gallo a Amurka ya ware retrobirus na farko da aka tabbatar yana kama mutum, aka sa masa suna HTLV-1, ba da daɗewa ba masanan Japan suka nuna shi ne ke bayan ciwon da Takatsuki ya gani. A 1985 Antoine Gessain da abokan aikinsa suka danganta shi da wata cutar shanyewar ƙafafu a tsibirin Martinik.

An ƙiyasta cewa mutum miliyon 5 zuwa 10 ke ɗauke da shi a duniya, kuma masana da yawa suna ganin adadin ya wuce haka, domin ƙasashe masu yawa ba su taɓa yin awo mai faɗi ba. Ban da Japan da Karayib, ana samun sa a Kudancin Amurka, da arewa maso gabashin Iran, da tsakiyar Ostiraliya, da Afirka ta Tsakiya da ta Yamma, inda Gabon da Kongo ke cikin wuraren da ya fi yawa. Yana yaɗuwa ta shayarwa mai tsawo, da jima'i, da ƙarin jini ko allurar da wani ya yi amfani da ita. Kimanin tara cikin goma na masu ɗauke da shi ba za su taɓa yin ciwon dajin ko shanyewar ba. Wajen kashi 5 cikin 100 ne ke kamuwa da ciwon dajin, kuma kusan dukansu tun suna jarirai suka ɗauki birus ɗin.

Yadda yake aiki shi ne ya fi jan hankalin masu bincike. HTLV-1 yana zaune ne a cikin fararen ƙwayoyin jini da ake kira CD4. Bai saci babin ƙari irin na birus ɗin Rous ba. Abin da yake da shi wani furotin ne nasa mai suna Tax, wanda ke buɗe makullin birus ɗin, ya kuma bi makullan ƙwayar yana buɗe babobin rabuwa, yana raunana p53, yana hana gyaran haruffan da suka lalace. Sai dai Tax mai hayaniya ne. Duk ƙwayar da ta fito da shi, sojojin garkuwar jiki sukan gane ta su kashe ta. Saboda haka birus ɗin ba ya barin Tax a buɗe. Yakan kunna shi na ɗan lokaci ya sake kashewa. Wannan ya daɗe yana ɗaure wa masana kai, domin a fiye da rabin majinyatan ciwon dajin ba a samun Tax sam, makullin gaba ya sha hatimin metil ko ya gutsure gaba ɗaya. In ƙaimin ya yi shiru, me ke korar dokin?

Amsar ta fito a 2002 daga birnin Mompeliye na Faransa. Ashe birus ɗin yana da wani babi da ake karantawa daga ƙarshen shafi zuwa farko, ta makullin baya. Sunansa HBZ. A 2006 ɗakin binciken Masao Matsuoka a Kiyoto ya nuna cewa HBZ a buɗe yake a cikin ƙwayoyin kowane majinyacin da suka auna. HBZ yana danne Tax, yana sa ƙwayar ta ci gaba da rabuwa sannu a hankali, garkuwar jiki kuma ba ta cika ganin sa ba. Da murya ɗaya birus ɗin ke ihu lokaci-lokaci, da ɗayar yake raɗa kullum. A cikin shekara hamsin na wannan raɗa, ɗaya daga cikin dubban zuriyar ƙwayoyin da suka kamu tana iya tara isassun kurakurai har ta zama ciwon daji.

Wannan ya bayyana abin da ke ba mutane mamaki: magungunan ARV da ke danne birus ɗin Sida ba sa rage HTLV-1 a jikin wanda ya riga ya kamu. Aikin ARV shi ne tare birus a lokacin da yake neman shiga sabuwar ƙwaya. Shi kuwa HTLV-1 ba ya bukatar yawan fita, yana zaune ne ƙwayar tana kwafe shi. Nau'in ciwon mai tsanani har yanzu yana da wuyar magani, yawancin majinyata ba sa wuce shekara guda ko kusa da haka. Amma binciken makullai ya fara ba da amfani. A 2022 Japan ta amince da wani magani mai suna valemetostat, wanda ke hana furotin ɗin da ke ƙulle babobin linzami yin aikinsu, domin ƙwayar ta sake jin linzami.

VIH: shirun da ke hana warkewa

Birus ɗin Sida, VIH, an ware shi a 1983 a Cibiyar Pasteur, aikin da ya kai Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier ga kyautar Nobel a 2008. Ƙwayoyin CD4 ɗin nan dai yake kamawa, amma shi kashe su yake yi. Babobinsa tara ne kacal, a kan haruffa ƙasa da dubu 10. Ɗaya daga cikinsu yana haɗa furotin mai suna Tat. In babu Tat, magatakarda yakan fara kwafar shafin birus ɗin, ya rubuta haruffa kaɗan ya cije. Tat ne ke kama bakin ɗan kwafin da aka fara, ya jawo wani furotin na ƙwayar ya ingiza magatakarda har ƙarshen shafi. Kowane cikakken kwafi kuma yana ƙara yawan Tat. Saboda haka abin ba shi da tsaka-tsaki: ko wuta ta kama ta ci gaba da ruruwa, ko ta mutu mururus.

Ƙwayar CD4 da ta gama yaƙi da wata cuta takan koma hutu ta zama ƙwayar tuni, mai jiran ranar da cutar za ta dawo. In VIH ya shige ta daf da lokacin hutun, makullan da yake dogara da su sukan janye, Tat ya ƙare, histon su naɗe shafin. Ƙwayar ba ta fitar da birus, garkuwar jiki ba ta ganin laifinta, magani ba shi da abin da zai tare. Manomin gero ya san irin wannan. Irin ƙuduji yana iya kwanciya a cikin ƙasa shekara goma ko fiye, ba ya tsira sai ya ji saiwar gero a kusa. Ka nome gonarka tas, ba ka ga ƙuduji ko ɗaya ba, amma irin yana nan.

Da aka fara haɗa magani uku a 1996, birus ya ɓace daga jinin majinyata, har wasu masana suka yi zaton shekara biyu ko uku na magani za su wadatar. A 1997 ƙungiyoyin bincike uku a Amurka suka gano wannan maɓoya. Ƙwayoyin ba su da yawa, kimanin ɗaya cikin miliyon na ƙwayoyin CD4 masu hutu, amma suna da tsawon rai: sai bayan wata 44 rabinsu ke ƙarewa. Ɗakin binciken Robert Siliciano ya lissafa a 2003 cewa za a bukaci shekara 73 ana shan magani kafin su ƙare. A 2014 aka ƙara gano cewa ƙwayoyin da ke ɓoye birus ɗin suna rabuwa su ma, wasunsu ma saboda birus ya sauka a cikin babobin da ke da alaƙa da girman ƙwaya. Nan VIH da HTLV-1 suka yi kama.

Ga amsar tambayar farko ke nan. Kowace rana wasu ƴan ƙwayoyi suna farkawa su fitar da birus. In magani yana cikin jini, birus ɗin ba ya samun inda zai shiga. In ka daina, a cikin mako biyu zuwa huɗu yakan dawo a jikin yawancin mutane. Wata jaririya a jihar Misisifi ta Amurka an fara ba ta magani tana da awa 30 a duniya, aka daina tana da wata 18, ta yi wata 27 ba a ga birus ba, har aka fara maganar warkewa. A 2014 ya dawo.

Hanyoyin da ake bi don neman waraka

Hanya ta farko ita ce a tada birus ɗin daga barci alhali magani yana tsaye, domin ƙwayar da ta tona kanta ta mutu. Haka manomi ke yi wa ƙuduji in ya shuka abin da ke yaudarar irin ya tsira inda ba zai samu saiwar da zai tsotsa ba. A 2012 ɗakin binciken David Margolis ya gwada vorinostat, maganin ciwon daji ne da ke sassauta naɗin histon, aka kuwa ga birus ya motsa a cikin ƙwayoyin masu hutu. Amma gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna maɓoyar ba ta ragu yadda za ta yi amfani ba. Tadawa ta fi kashewa sauƙi.

Hanya ta biyu akasin wannan ce, a ƙara wa ƙofar kwaɗo ta yadda ba za ta sake buɗuwa ba, misali ta hanyar toshe Tat. Abin da ya ƙarfafa wannan tunani shi ne wasu mutane ƙalilan, ƙasa da ɗaya cikin ɗari na masu ɗauke da VIH, waɗanda jikinsu ke danne birus ɗin ba tare da magani ba. Wani bincike na 2020 a Boston ya nuna cewa a jikinsu shafukan birus da suka rage suna zaune ne a kufan littafin gado, wuraren da magatakarda ba ya zuwa. Wannan hanya har yanzu tana matakin gwaji.

Mutanen da aka tabbatar sun rabu da VIH ƴan kaɗan ne, kuma ta hanyar ciwon daji suka bi. Na farkonsu, Timothy Ray Brown, an yi masa dashen ɓargo a Balin ta ƙasar Jamus a 2007 saboda ciwon dajin jini, daga wani mai ba da ɓargo wanda ƙwayoyinsa ba su da ƙofar da birus ke shiga ta cikinta. VIH bai dawo jikinsa ba har rasuwarsa a 2020, kuma ciwon dajin ne ya dawo ya zama ajalinsa. Dashen ɓargo aiki ne mai haɗarin rai, ba a yi wa mutum shi don VIH kaɗai. Duk wanda ya ce maka yana da sassaƙe ko ruwan da ke wanke birus ɗin daga jiki, ka tuna inda birus ɗin yake: a ɗinke cikin zaren gadonka.

Abin da ya shafe ka a Nijar

Yawan masu ɗauke da VIH a Nijar bai kai na ƙasashe da dama ba. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 0,4 cikin 100 na manya. In kana cikinsu, shan ARV kullum a kan lokaci shi ne abin da duk wannan bincike ya tabbatar. Wanda awo ya nuna birus ɗinsa a danne yake ba ya sa wa abokin aurensa ta hanyar jima'i, muddin yana ci gaba da shan maganin. Sha yau a bari gobe ya fi komai ɓarna, domin yana ba birus damar sabawa da maganin, kuma nau'in da ya saba ɗin shi ma yana shiga maɓoya ya zauna. In za ka yi tafiyar ci-rani, ka je wurin da ake ba ka magani tun kafin ka tashi a shirya maka. Ka kuma tambaya wane nau'i kake ɗauke da shi, domin a Afirka ta Yamma akwai VIH-2, wanda aka gano a 1986. Ya fi sanyin tafiya, amma wasu tsoffin magunguna kamar nevirapine da efavirenz ba sa kama shi.

VIH ba ya mayar da ƙwaya ta zama ciwon daji kai tsaye yadda HTLV-1 ke yi, amma yana raunana masu gadi, sai wasu birus su samu sarari. Daga ciki akwai mai haddasa ƙarin Kaposi, mai fitowa da baƙaƙen tabo a fata ko cikin baki, da HPV mai haddasa sankarar bakin mahaifa, wanda furotin ɗinsa ke lalata p53 da wani babban linzami na biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta bayyana cewa macen da ke ɗauke da VIH ta fi sauran mata haɗarin sankarar bakin mahaifa har sau shida. Don haka ke mai ɗauke da birus ɗin, ki nemi a duba miki bakin mahaifa a kai a kai ko da ba kya jin ciwon komai. OMS ta kuma ba da shawarar yi wa ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV. Tun 2021 akwai sashen gashin ciwon daji a cibiyar yaƙi da cutar ta ƙasa da ke Yamai, amma mai zuwa daga Maraɗi ko Damagaram ko Tawa zai fi cin amfaninsa in an gano ciwon tun yana ƙarami.

Game da HTLV-1 kuwa, a yi hattara da abu ɗaya. A lardin Nagasaki na Japan, tun 1987 ake auna mata masu juna biyu, ana ba waɗanda ke ɗauke da birus ɗin shawarar kada su shayar, kuma kamuwar jarirai ta sauko daga kimanin kashi 20 cikin 100 zuwa wajen kashi 3. Wannan ya yiwu ne inda akwai awo tabbatacce da tsabtataccen ruwa da madarar gwangwani a wadace. Inda babu waɗannan, gudawa da tamowa sun fi kusa da jariri nesa ba kusa ba a kan ciwon da zai iya zuwa bayan shekara hamsin. Kada uwa ta yaye ɗanta saboda abin da ta karanta a nan. In kaluluwa ta kumbura a wuya ko hammata ta ƙi sacewa, ko ƙuraje suka ƙi jin magani tare da rama, ko ƙafafu suka riƙa sandarewa a hankali tare da wahalar fitsari, a je CSI mafi kusa a nemi takardar turawa babban asibiti, a kuma gaya wa likita in akwai mai irin wannan ciwo a cikin dangi.